Ka goge fayil bisa kuskure? Ga yadda ake dawo da shi daga faifan kwamfuta

Shagona na buga takardu da gyaran kwamfuta yana Aboabo, nan cikin Kumasi, kuma da wuya mako ya wuce wani bai shigo rungume da laftof ba, ido ya raina fata, yana cewa aikinsa ya ɓace. Ɗalibai masu rubutun kammala digiri a KNUST, 'yan kasuwar Kejetia masu lissafin bashi a Excel, malaman makarantar Islamiyya da sakamakon jarrabawar yara, duk sun zauna a kan bencin nan.

Wanda ya sa na ɗauki alƙalami wani matashi ne mai ɗaukar hoton biki. Ya ɗauki hotunan aure a Asawase ran Lahadi, ya juye su cikin laftof, ya yi wa memorin kyamara fomat saboda yana da suna a gabansa. Daren Litinin faifan ya cika, ya zauna rage kaya, ya haɗa da foldar auren a cikin tarkacen, ya danna Shift da Delete. Bai iso wurina ba sai Alhamis bayan la'asar, uwar amarya ta riga ta buga masa waya sau ba adadi.

"Yaya, na gwada manhaja har uku, duk sun ƙi."

"A ina ka saka su?"

"A cikin laftof ɗin mana."

Na ce to, ƙanena, zauna. Kwana uku ke nan yana kunna na'urar, yana sauke manhajoji a kanta, har ƙwallo ya kalla a ciki don ya rage damuwa. Gogewar da ya yi ran Litinin ƙaramar ɓarna ce a kan abin da ya biyo bayanta.

Abin da ke faruwa idan ka goge

Ka ɗauki gidan haya irin namu na zango, mai ɗakuna jere da tsakar gida ɗaya. Mai gida yana da littafi: ɗaki na kaza, wane ne a ciki. Ranar da ya ja layi a kan sunan mutum, ɗakin ya zama na haya a wurinsa, amma katifa da akwati da tukwane suna nan a ciki, ba wanda ya taɓa. Suna nan har ranar da sabon ɗan haya zai zo da nasa kayan a watsar da na tsohon.

Haka faifan kwamfuta yake. Windows na tsara faifansa da tsarin da ake kira NTFS, kuma yana da littafinsa, MFT, inda aka rubuta sunan kowane fayil da wuraren da yake kwance. Idan ka goge, alama kawai ake yi a littafin cewa wurin nan babu kowa. Hoton ko takardar na nan a kan faifan. Manhajar ceto aikinta ta bi ɗakunan da aka ja wa layi ta fito da abin da ta tarar.

Matsalar ita ce sabon ɗan haya ba ya jiran izininka. Buɗe shafi ɗaya a intanet rubutu ne a kan faifai. Sabunta Windows da ke gudana a ɓoye rubutu ne. Kunna kwamfuta da kashe ta ma rubutu ne. Kowanne na iya faɗawa daidai kan wurin da hotonka yake, kuma abin da aka rubuta wani abu a kansa ya tafi ke nan. Ban san manhajar da ke dawo da shi ba, ta kyauta ko ta kuɗi, duk wanda ya ce maka yana da ita sidinka yake so.

Minti biyar na farko

Da zarar ka lura, ɗauke hannu. Idan yanzun nan ne ka goge kuma tagar foldar na buɗe, danna Ctrl da Z tare. Sau da yawa fayil ɗin zai dawo wurinsa kamar ba a yi ba.

In bai dawo ba, buɗe kwandon shara, wato Recycle Bin da ke fuskar kwamfuta. Kada ka raina wannan mataki. Danna kan layin da aka rubuta Date Deleted don na baya-bayan nan su hau sama, nemo naka, danna shi da maɓallin dama na linzami, zaɓi Restore. Zai koma foldar da ya fito. Abubuwa huɗu ne ke hana a same shi a nan: an goge da Shift da Delete, fayil ɗin ya fi ƙarfin kwandon don girma har Windows ya tambaye ka ko a goge shi gaba ɗaya ka ce e ba ka karanta ba, daga filashi ko memori aka goge shi, don su ba sa bi ta kwando, ko kuwa tsarin Storage Sense yana kunne, shi kuma bisa al'ada yakan zubar da abin da ya kwana 30 a kwandon.

Daga nan tambayi kanka ko akwai kwafi a wani wuri. Amma da waya za ka duba, ka bar kwamfutar. Mutane da yawa ba su san cewa foldar Desktop da Documents ɗinsu na hawa OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, ba tun ranar da aka saita musu na'urar da asusun Microsoft. Shiga onedrive.com ta wayarka, duba kwandonsa. Yana riƙe abin da aka goge kwana 30 a asusun mutum na kansa, kwana 93 a asusun makaranta ko wurin aiki. Google Drive ma kwana 30 ne. Duba imel ɗin da ka aika, duba WhatsApp. Ɗalibai nawa ne suka zo suna kuka, ƙarshe muka tarar sun tura wa malaminsu babi na huɗu makon jiya.

Idan an taɓa kunna File History a kwamfutar, danna foldar da fayil ɗin yake ciki da maɓallin dama, zaɓi Restore previous versions, za ka ga kwafin foldar na ranakun baya. A Windows 11 sai ka fara danna Show more options kafin ka gan shi. In jerin ya fito wayam, ba a kunna ba, wuce gaba. Takardar Word da wuta ta ɗauke kana tsakiyar rubuta ta, wannan wani zance ne: buɗe Word, shiga File, Info, Manage Document, sannan Recover Unsaved Documents. Word yana ajiye kwafin kansa duk minti 10 in ba a sauya masa ba. A lokacin da dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, ya yi tsanani, wannan hanya ta share wa mutane da yawa hawaye a shagon nan.

Duk waɗannan ba su yi ba? Kashe kwamfutar. Idan abin da ya ɓace mai nauyi ne ƙwarai, ni nakan danne maɓallin wuta har ta mutu, don kashewa ta ƙa'ida ma tana rubuce-rubuce kafin ta tafi. Kada a sake kunna ta sai an shirya.

Wataƙila ba a goge ba ma

Bari in ratse kaɗan, don wannan ya fi kome yawa a unguwarmu. Wata Hajiya mai sayar da atamfa ta zo da filashi, wanda mu a nan muke ce wa fendiraif, ta ce an goge mata lissafin shekara biyu bayan ta kai an buga mata rasit a wani shago.

"Ɗana, duba min, sunayen masu bashina duk suna ciki."

Na saka, foldoji duk sun koma gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya a gindi. Amma da na duba nauyin filashin, wurin da kaya suka cinye yana nan yadda yake. Ƙwayar cutar nan ce da ke yawo a shagunan buga takardu: ɓoye foldoji take yi ta aje na bogi a madadinsu. Kada ka danna na bogin, danna su ne ke shigar da cutar cikin kwamfutarka. Duba harafin da aka ba filashin, mu ce E. Rubuta cmd a wurin bincike na Windows, buɗe shi, ka rubuta wannan:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Danna Enter, ka jira. Foldojin gaskiya za su bayyana, wani lokaci a cikin wata folda marar suna. Kwashe su, binciki kwamfutar da maganin cuta, sannan ka yi wa filashin fomat. Hajiya ba ta gama cin goron da ke bakinta ba muka gama.

Wane irin faifai ne a cikin na'urarka

Wannan tambaya ita ke yanke hukuncin ko akwai fata. Faifai iri biyu ne. HDD shi ne tsohon, mai faranti da ke juyawa da allura mai karantawa. In ka kara kunne za ka ji motsinsa. Yawancin laftof na hannu da ake shigowa da su daga waje ana sayarwa a Adum, musamman tsofaffin, shi ne a ciki, sai in mai shago ya sauya. SSD ba ya da abin da ke motsi, yana da sauri, shi ne a kusan duk sabuwar na'ura.

A kan HDD, misalin gidan haya ya zauna daram. A kan SSD kuwa, mai gidan yana da yaro mai tsintsiya. Akwai umarni da ake kira TRIM, wanda Windows ke amfani da shi tun Windows 7 a 2009: da zarar an goge fayil daga kwando, sai a sanar da faifan cewa wurin nan ba a bukatarsa, shi kuma ya share. Sau da yawa ko awa ba a yi. Manhaja za ta iya nuna maka sunan fayil ɗin ɓaro-ɓaro, ka dawo da shi, ka buɗe, ka tarar da sifili zalla. Shi ya sa nake gaya wa mai SSD gaskiya tun kafin ya zauna: za mu gwada, amma ya fi maida hankali kan neman kwafi a wani wuri.

Idan na'urar na kunne, danna Ctrl, Shift da Esc, shiga Performance, a ƙarƙashin Disk za ka ga an rubuta HDD ko SSD. In ka riga ka kashe, nemi lambar samfurin laftof ɗin ta waya, ko a buɗe bayanta a gani. Filashi da memorin kyamara galibi ba sa bin TRIM, don haka fatan ceto a kansu yana da kyau matuƙar ba a ci gaba da zuba musu kaya ba.

Kayan aiki

Kana bukatar kwamfuta ta biyu mai lafiya, da wurin zuba abin da aka ceto, filashi ko faifan waje, wanda ya fi kayan da ka rasa girma. Ƙa'ida ɗaya ce ba ta da sassauci: ba a saka manhajar ceto a kan faifan da ake ceto daga gare shi, ba a kuma zuba abin da aka ceto a kansa. Wanda ya yi haka ya yi gyaran gangar Auzinawa, yana dawo da hoto na farko a kan na goma.

Hanyar da na fi so ita ce a ciro faifan. A tsofaffin laftof, noti biyu ko huɗu ne a baya. Cire caja, cire batir in mai fita ne, zare faifan a hankali. Sai ka sayi 'yar igiya ko akwatin da ke haɗa SATA, wato bakin faifan, da USB. Masu kayan kwamfuta a Adum wajen PZ suna da su, a Accra kuma Tip Toe Lane da ke Circle. Faifan laftof mai inci 2.5 ne, wutar USB ta ishe shi. Na babbar kwamfutar tebur mai inci 3.5 ne, sai da adafta mai wutar kanta ta bolt 12. Idan ɗan siriri ne kamar cingam, M.2 ke nan, akwatinsa daban. Je da faifan hannunka, ka naɗe shi da kyau, kada ya sha jijjiga a faragiya, keken nan mai ƙafa uku.

Kafin ka ciro, tuna da BitLocker. Sababbin na'urori da yawa suna zuwa da faifai a kulle ba tare da mai su ya sani ba. In ka haɗa shi da wata kwamfuta ta nemi mabuɗi, lamba ce mai alƙaluma 48, kuma galibi tana cikin asusun Microsoft na mai na'urar, a account.microsoft.com/devices/recoverykey. Babu mabuɗin, babu shiga.

Idan faifan ba ya ciruwa, ko kana tsoron taɓa noti, sauke manhajar a wata kwamfuta, nau'in da ba a girkawa, ka zuba a filashi, ka kunna na'urarka sau ɗaya tare da kashe intanet, ka gudanar da manhajar daga filashin. Akwai 'yar kasada a ciki, amma ta fi abin da ƙanen nan nawa ya yi nesa ba kusa ba. In kuma kayan da suka ɓace a ɓangaren D suke ko a faifan waje, abin ya zo da sauƙi, saka manhajar a C, ɓangaren da Windows yake, ba laifi.

Wani abu da zai iya faruwa da ka haɗa faifan: Windows ya fito da saƙo cewa sai an yi fomat kafin a yi amfani da shi, ko ya ce Scan and fix. Danna Cancel. Kada ka yarda da shawarar gudanar da chkdsk a wannan hali. Shi gyaran littafin mai gida ne damuwarsa, kuma a garin gyaran yakan datse abin da kake nema.

Recuva, wadda nake farawa da ita

Kamfanin Piriform, masu CCleaner, su suka yi ta, kuma ta kyautar ta isa. Daga shafinsu za ka sauke, ka guji waɗanda aka fasa ana rabawa, don rabinsu da cuta suke zuwa.

Da ka buɗe za ta tambaye ka irin fayil: hotuna, takardu, bidiyo, ko duka. Zaɓi wanda ya dace don jerin kada ya yi yawa. Sai ta tambayi wuri. Zaɓi In a specific location, ka nuna mata faifan, in ka tuna foldar ma ka nuna. A zagayen farko kada ka sa alama a Enable Deep Scan. Binciken sama-sama littafin MFT yake karantawa, yana ƙarewa cikin 'yan mintoci, kuma yana fito da fayiloli da sunayensu na asali.

Kowane fayil zai zo da ɗigo mai launi. Kore na nufin ba a taɓa wurinsa ba. Ruwan lemo, an ci wani ɓangare. Ja, an rubuta wani abu a kansa. Kada ka ɗauki launin kamar yankan wuƙa. Na ga kore da ya ƙi buɗewa, na ga ruwan lemo da ya fito da rabin hoto mai amfani. Danna Switch to advanced mode, a dama akwai Preview, in hoto ya bayyana a nan to lafiyarsa ƙalau. A cikin Options, ƙarƙashin Actions, sa alama a Restore folder structure don kaya su dawo cikin foldojinsu maimakon a jibge maka su wuri ɗaya.

Zaɓi abin da kake so, danna Recover, nuna mata filashi ko faifan waje. Fara da mafi muhimmanci. In lissafin bashi ne ya kawo ka, ɗauke shi tukuna, waƙoƙi su jira.

Idan zagayen farko bai samo ba, koma ka kunna Deep Scan. Wannan yana bin faifan gaba ɗaya, kuma a kan HDD mai giga 500 ko tera 1 ta igiyar USB yana iya cin awoyi, wani lokaci kwana. Tabbatar laftof ɗin da kake aiki da ita tana da batir mai riƙe wuta, ka kuma hana ta barci a saitin wuta. Ni nakan tayar da shi bayan isha'i in rufe shago, in duba da safe bayan na sha koko.

PhotoRec, idan littafin ya lalace

Wani Bafaranshe, Christophe Grenier, shi ya rubuta ta tare da 'yar'uwarta TestDisk, kuma kyauta ce gaba ɗaya a shafin cgsecurity.org. Duk da sunanta, ba hotuna kaɗai take cetowa ba. Ta san ɗaruruwan nau'o'in fayil, har da Word, Excel, PDF da bidiyo. Ita ba ruwanta da littafin mai gida. Ɗaki-ɗaki take bi tana duba kaya, don kowane nau'in fayil yana da alamar da yake farawa da ita. Shi ya sa take aiki ko bayan fomat.

A nan sai a bambance. Fomat na gaggawa, Quick Format, sabon littafi kawai yake buɗewa, kaya na nan, sai dai in a kan SSD ne. Cikakken fomat kuwa, tun daga Windows Vista, sifili yake rubutawa a kan faifan duka, bayansa babu abin nema. Haka wasu kyamarori, irin na Canon masu zaɓin Low level format, in an sa wannan alamar an share ke nan.

Ba a girka PhotoRec. Warware jakar zip ɗin, buɗe qphotorec_win.exe, wanda ke da tagogi da maɓallai, ya fi ɗayan mai baƙin allo sauƙi. Daga sama zaɓi faifan, ka lura da girmansa don kada ka ɗauki wani. Zaɓi ɓangaren. Za ka ga Free da Whole: Free wuraren da aka ja wa layi kawai yake bi, shi ne na wanda ya goge, Whole na wanda aka yi wa fomat ne ko faifan ya rikice. Sai ka shiga File Formats, danna Reset, ka sa alama a nau'in da kake so kaɗai, misali jpg, ko zip idan takardun docx da xlsx kake nema, don a cikinsu jakar zip ce, ko doc don tsofaffin takardun Office. In ka bar duka a kunne za ka tashi da dubban ƙananan hotunan shafukan intanet da ba ka san da su ba. Zaɓi wurin zubawa a wani faifai, danna Search.

Za ta buɗe foldoji recup_dir.1, recup_dir.2 da sauransu, fayiloli kuma su zo da suna irin f1234567.jpg. Sunayen asali sun tafi. Dabarar tacewa: a tagar Windows jera su bisa girma, hotunan kyamara manya ne, tarkacen intanet ƙanana. Sannan ƙara layin Date taken, don ranar ɗauka tana cikin jikin hoton, ba ta ɓata. Raunin PhotoRec shi ne fayil ɗin da aka rarraba shi wurare daban-daban a kan faifai, abin da ya fi samun manyan bidiyo. Irin wannan yakan dawo a yanke.

TestDisk kuwa ta wanda ɓangare guda na faifansa ya ɓace ne, ya wayi gari babu D. Tana iya nemo shi ta mayar, amma tana rubutu a kan faifan, don haka in ba ka saba ba, yi amfani da ita ka kwafe kayan zuwa wani wuri kawai, ka bar maɓallin Write.

Microsoft ma suna da tasu, Windows File Recovery, da ta fito a 2020, tana aiki daga Windows 10 sigar 2004 zuwa sama. Daga Microsoft Store ake samunta, wanda ke nufin a C take sauka, don haka a kwamfuta ta biyu ya kamata a saka ta. Da rubutu ake sarrafa ta. Idan faifan da aka haɗa ya zama F, wurin zubawa kuma E:

winfr F: E: /regular /n *.docx /n *.xlsx

In bai samo ba, sauya /regular da /extensive. Ban cika amfani da ita ba, amma ta taɓa fitar da ni kunya. Manhajojin kuɗi irin su EaseUS da Disk Drill suna aiki, sai dai na kyautarsu sukan nuna maka kayanka duka sannan su ba ka ɗan kaɗan, sauran sai ka biya da dala. Gwada na kyauta tukuna.

Inda ya kamata ka tsaya

Duk abin da na faɗa na faifai mai lafiya ne. Idan ka ji yana ƙas-ƙas-ƙas, ko yana tashi yana mutuwa, ko laftof ɗin ta faɗi ƙasa tana kunne, ko ruwa ya shige ta, cire wuta nan take. Allurar tana shawagi ne a saman farantin da tazarar da ƙwayar ƙura ta fi ta kauri nesa, in ta fara gogar farantin kowane juyi kankare bayanai yake yi. Kada ka buɗe murfin. Ƙurar hunturun nan da ke shiga ko'ina ta isa ta kashe shi. Kada ka sa shi a firji, duk da masu ba da wannan shawara. Raɓa ce za ta taru a ciki. Kada ka buga shi.

In ba ya ƙara amma yana nauyi, yana maƙalewa wurin kwafi, duba lafiyarsa da manhajar CrystalDiskInfo. Idan ta nuna Caution ko Bad, kada ka sa masa dogon bincike kai tsaye, yana iya mutuwa a tsakiya. Masu sana'a sukan fara ɗaukar kwafin faifan gaba ɗaya zuwa wani faifai da manhajar ddrescue a kan tsarin Linux, wadda ke kwashe wurare masu lafiya da farko ta dawo kan masu ciwo daga baya, sannan a yi ceto daga kwafin. Idan za ka kai wa mai gyara, tambaye shi ko zai fara ɗaukar kwafin faifan. In ya ce zai saka sabon Windows ne ya gani, karɓi kayanka ka fita. Ku yi ciniki tun farko kan abin da za ka biya in an samu da in ba a samu ba, kuma ka sani duk sirrin da ke faifan zai wuce ta idonsa, don haka ka zaɓi wanda ka yarda da amanarsa.

Bayan an ceto

Kada ka ga sunaye ka yi hamdala ka tashi. Buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya, ko aƙalla ka tsinci wasu daga farko, tsakiya da ƙarshe. Takardar Word da ta ƙi buɗewa, gwada ta ta File, Open, ka danna 'yar kibiyar da ke gefen Open, ka zaɓi Open and Repair. Bidiyon da ya ƙi, gwada shi da manhajar VLC. Kada ka mayar da tsohon faifan bakin aiki sai ka tabbatar ba sauran abin da kake nema a kansa, sannan ka kwafi abin da aka ceto wuri biyu. Ranar da na'urar ta koma aiki, haɗa faifan waje ka kunna File History daga Control Panel. Bisa al'ada duk awa ɗaya yake ɗaukar kwafi matuƙar faifan na haɗe.

Shi kuwa mai hoton, laftof ɗinsa HDD ce, muka ciro faifan. Recuva ta nuna foldar auren, amma ja ya fi kore yawa, manhajojin nan uku da ya sauke sun zauna a kan wani sashe. Muka kwashe abin da ya rage. Sai na tambaye shi memorin kyamarar.

"Ai na yi masa fomat, Yaya, har na ɗauki suna a kai."

"Giga nawa ne? Sunan kuma ya ci nawa?"

Memorin giga 64 ne, sunan bai ci ko kwata ba. Muka sa shi a PhotoRec, Whole, jpg kaɗai. Hotunan sunan sun hau kan farkon memorin, inda na safiyar ɗaurin aure suke, waɗannan sun tafi daga nan, amma wasunsu na cikin abin da muka samo a laftof. Daga kai amarya zuwa ƙarshen biki kuwa duk suka fito, da sunaye na lambobi. Ya kwana biyu yana jera su bisa Date taken kafin ya kira uwar amarya.